Kafin Ka Kai Innarka Italiya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Haruna, a Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Allah Ya tsare ku a zaune, Ya tsare ku a tafe, Ya kau da duk abin ƙi daga hanyarku. Mu nan Zango lafiya lau, sai godiya. Labarin gari ba zan cika ka da shi ba, na san ƙanwarka Rakiya ba ta bar ko na kazar maƙwabta ba sai da ta ba ka a salula.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsarin tafiyar nan da ka aiko. Rakiya ce ta karanta mini shi a tsakar gida. Ta fara jero garuruwa: Milano, Venis, Bolonya, Firenze, Piza, Roma, Napoli, tana ta yi. Na ce ta dakata in sha ruwa, don ni da ke zaune kan buzu har na gaji. Na ce, "Duk wannan a hutun konje na sati biyu?" Ta ce, "Ƙwarai Baba, har lokacin tashi da na sauka ya rubuta." Na ce, "To yayanki hutu zai kai tsohuwa, ko tsere zai sa ta da ƴan kabu-kabu?" Rakiya ta fashe da dariya. Innarka kuwa tana gefe tana tsintar gyaɗa a faifai, ko kai ba ta ɗaga ba. Can sai ta ce wa faifan, "Duk yadda ɗan Gwaggo ya tsara, daidai ne."

Wannan maganar ce ta sa ni rubutu.

Ka san kai ne ɗan fari. Ana yaye ka yayata, Gwaggonka, ta ɗauke ka ta tafi da kai Dogo, kamar yadda aka saba, can ka yi wayo, can ka shiga makarantar lekol. Tun daga ranar suna zuwa yau, ga ka da furfura a gemu, mahaifiyarka ba ta taɓa kiran sunanka ba. Ba ta taɓa cin abinci kana kallo ba. In ka shigo gaishe ta, amsar takan tafi wajen bango ko wajen murhu. Ku ƴan yanzu kuna iya ɗaukar wannan a matsayin sanyin zuciya. To bari in gaya maka abin da ba a gaya maka ba. Shekarar da ƙyanda ta kwantar da kai a Dogo, labari na iso mana ta yafa gyale ta hau motar kasuwa. Da ta isa, ta ce wa Gwaggonka wai gyaɗa ta zo saye. Ta wuni a bakin ƙofar ɗakin da kake kwance, tana sauraron numfashinka ta bayan asabari, ba ta shiga ba. Da zazzaɓin ya sauka, ta sayi gyaɗar kuwa, ta dawo gida. Gyaɗar ma duk ƙwari ne, ita da ba a taɓa cuta a cinikin gyaɗa ba.

Yanzu ga ku za ku yi sati biyu ku kaɗai. Ba ni, tunda likita ya ce tansiyona, wato hawan jinin nan, bai yarda da jirgi ba. Ba Rakiya da za ta riƙa kai saƙo tsakaninku. Ban san ko Allah zai sake ba ku irin wannan dama ba. In ka bi tsarin nan naka, za ta bi ka shiru kamar inuwa, gwiwoyinta na kumbura, ba za ta ce uffan ba. Ka dawo da salula cike da hotuna, amma muryar uwarka ba ka ji ba. Wannan nake gudu. Don haka zauna ka ji yadda ni na ɓata tawa tafiyar, ko ka gyara taka. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Kana ƙarami lokacin da na je, kusan shekara arba'in ke nan. Ina cinikin fatun awaki a lokacin, akwai wani Bature ɗan Italiya mai suna Renzo da ke zuwa saye. Majema suna kiransa Mai Shinshina, don ba ya taya fata sai ya kai ta hanci. Shekara da shekaru muna hulɗa ban taɓa cusa masa ruɓaɓɓiya a tsakiyar ɗauri ba, sai wata shekara ya ce in zo in ga inda fatunmu ke ƙarewa. Na san ƙasar ta sake tun daga lokacin, ka fi ni sanin jiragenta da otal-otal ɗinta. Amma duwatsunta ba su je ko'ina ba, halin mutumin Damagaram ma haka.

A Roma muka sauka, kai ma can nake so ku fara.

Kuskurena na farko a bakin titi na yi shi, tun ban kwana ba. Muna tafe sai na ga wani pampo na ƙarfe, gajere, a tsaye a kan kwana, ruwa na zuba daga bakinsa zuwa cikin rariya. Ba bidon ɗibar ruwa ko ɗaya a gabansa, ba layi, ba mai gadi, ba ɗan garuwa. Ruwa garai-garai, mai sanyi, yana tafiya a banza! Haruna, ka san garin da na fito. Ka san yadda ake kwana a bakin pampo a nan cikin bazara, ka san yadda Innarka ke wanke shinkafa ta ba tumaki ruwan. Jikina bai ba ni in wuce ba. Na ce a raina wani yaron banza ne ya buɗe ya gudu. Na durƙusa ina neman marufi, na duba gaba, na duba baya, babu. Na ce to bari in toshe da yatsa kafin a kira mai gyara. Ashe akwai wata ƴar huda a saman bututun, da gangan aka yi ta don masu sha. Ina toshe bakin, ruwa ya yi tsalle ta nan ya same ni a tsakiyar ido, ya jiƙa mini hula da gaban riga. Wasu tsofaffi da ke zaune a bakin shago suka yi ta tafi. Renzo ya riƙe ciki yana cewa, "Alhaji, bar shi! Tun kafin a haifi kakana yake zuba." A lokacin ko Makka ban je ba, shi dai duk mai babbar riga Alhaji ne a wurinsa.

Na miƙe ina ɗiga, na kasa dariya. Daga duwatsu masu nisa mutanen da suka janyo wa garin ruwa, kuma har yau bai fasa zuwa ba. Na tsaya ina kallon sa ina cewa, tsarki ya tabbata ga Wanda Ya raba arziki yadda Ya so.

Innarka za ta tsaya a gaban irin wannan pampo, na rantse maka. Za ta nemi marufi. Kada ka ce mata, "Inna mu tafi, muna da wurin zuwa." Wurin zuwan ke nan kun zo. Bar ta ta tara hannu ta sha, ta wanke fuska, ta yi tsaki, ta yi salati. In ta ce wa pampon wata magana, da kai take, sai ka amsa wa pampon kai ma.

Kuskure na biyu ya fi wannan, don shi ba a yi mini dariya ba, ni kaɗai na san na yi asara. Akwai wani tsohon gini a tsakiyar Roma, ya girmi zuwan Musulunci, balle ganuwar Birni ta nan Damagaram. Daga waje ba ka cewa komai, ginshiƙai ne da ƙofa. Kana shiga sai ƙafarka ta tsaya da kanta. Rufin kamar wata ƙatuwar ƙwarya aka kife a kan unguwa guda, ba azara, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya da ya tallafe ta. Can ƙololuwa an bar huda a buɗe, sama na leƙowa. Hasken rana na shigowa ta nan dunƙule kamar faranti, yana rarrafe a jikin bango a hankali. In ana ruwa, ruwan na sauka har tsakar ɗakin. Na tuna maginanmu, waɗanda in suka ɗaga bakan gizo a soro guda sai a shekara ana zuwa kallo. Na ce waɗanne irin bayin Allah ne suka ɗora wannan, da wane tsani, kuma wa ya fara yarda ya tsaya a ƙarƙashi ranar da aka cire matokara?

Ka san tsawon zaman da na yi a ciki? Bai kai na shan fura ba. Ina kallo ina shirya yadda zan ba da labarin a majalisar ƙofar gida, wa zai ce ƙarya ne, me zan ce masa. Da baki na yi kallon, ba da ido ba. Na ja hannun Renzo na ce mu je na gaba. Haka na yi wa garin nan kaf: babban filin da aka ce ana haɗa mutane da zakuna, matattakalai, majami'u masu rufin zinariya, ina wucewa ina ƙirgawa kamar mai ƙirga fatu. Ga sabon takalmi na sa don kada a raina ni, titunan kuwa duk ƙananan duwatsu ne aka jera. Kafin mu bar Roma ina tafiya kamar kaza a kan rairayi mai zafi.

Don haka ku yi ƴan kwanaki a Roma, abu ɗaya da safe, hutu da rana, da yamma ku fita shan iska ba da niyyar ganin komai ba. Ta tafi da tsohon takalminta wanda ya san ƙafarta, kada ka saya mata sabo. Ka kai ta ɗakin nan mai huda, ka nemo mata wurin zama, ku jira har farantin hasken ya matsa. In Juma'a ta same ku a can, an ce mini yanzu akwai babban masallaci a gefen gari. Sauran kwanaki kada ka jira ladan kamar yadda na yi, har azahar ta kusa shiga la'asar ina sauraro, ƙararrawa ce kawai ke ta bugawa. Napoli da Milano ka bar su, ba gudu za su yi ba.

Daga nan jirgin ƙasa zuwa Firenze. A jirgin ka lura da abu ɗaya. Kujerunsu wasu suna fuskantar juna. Kada ka zauna a gabanta, in ka yi haka tafin hannunta za ta kalla har ku sauka. Zauna a gefenta, ka ba ta taga. Mutanen da ke kunyar juna ba sa hira ido cikin ido, sai kafaɗa da kafaɗa, suna kallon abu guda. Ni da ita ma a kan hanyar Dakusa muka fara magana ta kirki, a bayan amalanke, kowa na kallon wutsiyar sa.

Firenze kyakkyawa ce, ba zan rage mata komai ba. Kogi ya ratsa ta, da gada mai shaguna a kanta, da wata ƙubba ja da ake hangowa ta kowane lungu kamar rana ta faɗo ta zauna a kan gari. A shagunanta na ga jakunkunan mata a bayan gilashi, na kai hanci kamar Renzo, na gane fatar jar akuya irin tamu, har na ce mata, "Ashe nan kika zo kika yi arziki." Amma ina yi maka kashedi da babban dandalin garin. Akwai wani ƙaton saurayi na farin dutse a tsaye, ya fi mutum biyu tsawo, an sassaƙa shi har jijiyar bayan hannu, kai ka ce yanzu zai yi numfashi. Sai dai masassaƙin, da duk gwanintarsa, bai sassaƙa masa ko bante ba. Ba shi kaɗai ba ne kuma, dandalin cike yake da danginsa. Ni na shiga ban sani ba, na ɗaga kai, na sauke da sauri, na yi gaba ido a rufe sai da na yi karo da teburin masu shan kafe. Yanzu ka auna: kai, da uwar da ke kunyar tari a gabanka, a ƙarƙashin wannan bawan Allah. Ka fara zagawa kai kaɗai ka san hanya. In kuma tsautsayi ya kai ku, akwai tattabaru da yawa a wurin, ku duƙufa kallonsu, ku yaba ƙibarsu har ku fita.

Firenze wuni ɗaya ko biyu ya isa. Inda nake so ka zuba yawancin kwanakinku shi ne ƙauye, kuma a nan ne na yi kuskuren da har yau nake biya.

Renzo ya kai ni gonar mahaifiyarsa, a kan tudu, tafiyar mota kaɗan daga gari. Haruna, ban san yadda zan kwatanta maka ba. Tuddai ne bisa tuddai, kamar an shimfiɗa bargo a kan mutane masu barci. Da safe hazo na kwanciya a cikin kwari fari fat, kawunan tuddan na leƙowa, kowanne da gidansa na dutse da dogayen itatuwa sirara a jere kamar masu sahun salla. Ga itatuwan zaitun, gajeru, masu murɗaɗɗen jiki, ganyensu in iska ta juya shi sai ya koma launin azurfa. Renzo ya dafa wani ya ce kakan kakansa ya tarar da shi yana haihuwa. Na tuna tsamiyar ƙofar gidan Gwaggonka, na ce ashe su ma suna da itatuwan da ke binne masu su.

Daren farko tsohuwar ta kawo abinci. Ta miƙo, ni kuma na yi abin da uwata ta koya mini, na ce, "Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake." Ina jiran ta sake cewa, in sake ƙi, ta rantse, sannan in ce to don ke. Renzo ya fassara mata. Ta ce wani abu mai kama da "ayya", ta ɗauke kwanon, ta mayar madafa. Shi ke nan! Suka ci nasu a gabana suna hira, ni ina murmushi, hanjina na kiran sunan Allah. Washegari na ce ba za a sake ba. Aka kawo taliya, na ɗauka ita ce tuwon, na ci, na ƙara, na sake ƙarawa har na jingina. Sai ga gasasshen ɗan rago ya fito, wanda aka sa wani Balarabe ya yanka musamman domina. Ashe taliyar sallama ce kawai. Bayan rago ga ganye, ga cuku, ga kayan zaƙi. Tsohuwar ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu, tana faɗa da Renzo wai baƙonsa ya raina girkinta.

Darasin a nan biyu ne. Na farko, ku ci kaɗan-kaɗan, abincinsu ayari ne, raƙumin gaba ba shi ne na ƙarshe ba. Ka kuma tambaya kafin ku ci, don alade na shiga inda ba ka zato. Na biyu, wanda ya fi: mutanen can suna ɗaukar magana yadda aka faɗe ta, kai ma zaman buro, aikin ofis ɗin nan naku, ya koya maka haka. Innarka kuwa "na ƙoshi" ɗinta ba ƙoshi ba ne, "ba komai" ɗinta akwai komai. Kada ka tambaye ta ko ta gaji, za ta ce a'a. Dubi hannunta. In ta fara dafa ƙugu na hagu tana gyara gyale ba dalili, gwiwar ce. Sai ka ce kai ne ka gaji, ka nemi wurin zama. Kada ka tambaye ta ko tana jin yunwa. Sa a kawo, ka ajiye, ka ce za ka je duba wani abu, ka ba ta wuri. Haka in an daɗe a waje, ka tsaya kusa da makewayi ka ce za ka amsa waya, ka juya baya. Bayan ƴan kwanaki, in ka ga ta ɗauki burodi ta gutsura kana zaune, kada ka nuna ka gani. Ci naka.

To ga babban kuskuren. Lokacin tsinkar zaitun na je, kamar yadda za ku je yanzu, bayan an gama girbin gero a nan. An shimfiɗa raga a ƙarƙashin itatuwa, dangi duk sun taru ana kakkaɓa da waƙa, kamar gayya. Aka ce gobe za a kai wurin matsa a fitar da mai, in zo in gani. Ni kuwa na ji labarin wata hasumiya a Piza da ta karkace ba ta faɗi ba, na ce ina, ba zan koma Damagaram a tambaye ni in ce ban gani ba. Na tasa Renzo gaba muka tafi. Na gan ta. Ta karkace kuwa, abin mamaki ce, fara sol, kamar an sassaƙa ta daga hauren giwa. Amma kallon minti kaɗan ne, kuma ni da na tashi a garin da kowace damina ke barin katangu a karkace, ban kai inda sauran masu kallo suka kai ba wajen buɗe baki. Kafin mu dawo an gama matsa. Tsohuwar ta ba ni kwalba guda ta sabon mai, kore shar, mai kartar maƙogwaro.

Na kawo wa Innarka. Ka san sana'arta, man gyaɗarta da ƙuli-ƙulinta su suka saya maka littattafan lekol ta hannun Gwaggo, ko da yake an ce maka ni ne. Ta buɗe kwalbar, ta shinshina, ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa. Sannan ta ce, "Malam, wannan bai ga wuta ba." Na ce haka ne. Ta ce, "To yaya suke fitar da mai daga ɗan itace ba a soya ba? Da ƙwallon suke niƙawa ko cirewa suke? Ruwan zafi suke sawa ko na sanyi? Tunkuzar fa, me suke yi da ita?" Na ce, "Ni dai na ga wata hasumiya." Ta dube ni yadda ake duban yaron da aka aika sayen gishiri ya dawo da labarin biri. Ta ce, "An kai makaho kallon wata."

Kwalbar nan ta shekara tana ɗiga ta kamar turare. Har yau in na fara labarin Italiya a gidan nan, da na kai Piza sai ta tashi ta shiga ɗaki. Shi ya sa da ka aiko a tambaye ta abin da take so ka yi mata, tunda ta riga ta sauke farali, ta ce wa Rakiya, "Ce masa ƙasar man nan." Ba Roma ta ce ba, ba Venis ba. Na duba tsarinka, ƙauye rabin wuni ka ba shi, tsakanin jirgi da jirgi.

Ka nemi gidan gona irin waɗanda ke saukar baƙi, kusa da wurin matsa, ku yi sati guda cur. Ban san ko gidan su Renzo na nan ba, an daɗe ba labari, kowanne ka samu ya yi. Ka tafi mata da rigar sanyi da safa, sanyin tudun nan ba ya sallama. Ka roƙa a bar ta ta tsinka da hannunta, ta bi buhunan har inda ake niƙa. A nan kai ne tafinta. Duk tambayar da za ta yi wa mai matsa, dole ta bi ta bakinka, duk amsa dole ta dawo ta bakinka. Ka ga ke nan za ta yi maka magana wuni guda ba tare da ta karya al'ada ba, don a ganinta da Bature take. Kada ka gajarta tambayoyinta, ko sun yi maka yawa. A cikinsu za ka ji wace ce ta haife ka.

Venis ku bar ta sai ƙarshe, don bayan ita ido ba ya karɓar wani abu. Ni da aka ce mini akwai garin da titunansa ruwa ne, na ɗauka irin tatsuniyar da kakata ke yi mana ce, ta garin da ke ƙarƙashin tafki. Sai na fito daga tashar jirgi, na sauka matattakala, titi ya ƙare, teku ta fara, gidajen sarauta na tsaye a cikinta har gwiwa. Ba mota, ba jaki. Mai burodi a jirgin ruwa, likita a jirgin ruwa, har gawa a jirgin ruwa ake kai ta. Da la'asar rana ta bugi ruwan, hasken ya hau bangaye yana rawa, gari duka ya zama kamar ana kallonsa a cikin mafarki. Na zauna a bakin matattakalar na ce, ya Rabbi, mu Ka ba mu dutse muna neman ruwa, su Ka ba su ruwa suna neman ƙasa, kuma kowa ya gina gari ya ce nasa ya fi.

Can ma na yi wauta. Na ƙi shiga jirgin ruwa don tsoro, na ce da ƙafa zan zaga. Lungunansu sun fi na Birni murɗewa, kowace gada hawa ce da sauka. Na tsaya duba wani madubi a shago, na waiwaya, ba Renzo. Na bi nan ruwa, na bi can ruwa, na dawo gada guda har sau nawa ban sani ba. Da na ga abin ya fi ƙarfina, na ajiye girma na tsaya a kan gada na ƙwala, "Renzo! Mai Shinshina!" Sai ga shi ya ɓullo yana haki. Don haka ku shiga babban jirgin da ke bin tsakiyar gari kamar bas, ta zauna, gari ya riƙa wucewa ta gabanta. Gadoji ba na gwiwarta ba ne. A cikin taro kuma kada ka yi gaba, ka bar ta a gabanka ko a gefenka.

Wannan labarin ɓatan nawa ta sha jin sa, kuma na lura tun da aka ba ku biza ya daina ba ta dariya. Ka san ta taɓa ɓacewa a Mina. Ta ƙwala "Alhaji!" mutum dubu suka waiwayo, ban da ni. Ranar nan ta tambaye ni, tana kallon murhu, "Malam, garin ruwan nan, in mutum ya ɓace, me yake yi?" Na ce, "Kiran sunan ɗan'uwan tafiyarsa yake." Ta ci gaba da iza wuta.

Shekaranjiya bayan la'asar na dawo daga masallaci da wuri. Rakiya ta tafi islamiyya, gidan ba kowa sai ita, tana bayan ɗaki tana suyar gyaɗa. Na shigo zaure ban kai ga yin sallama ba sai na ji murya ƙasa-ƙasa, tare da ƙarar ludayi a kasko. Na kasa kunne. Cewa take, "Haruna." Ta juya gyaɗa. Ta sake, da ɗan ƙarfi, kamar mai gwada ƙafa a ruwan da ba ta san zurfinsa ba: "Haruna." Sai ta yi tari, wai hayaƙi.

Na koma da baya a kan yatsun ƙafa har ƙofar gida, na tsaya sai da idona ya bushe, sannan na shigo da sallama mai ƙarfi. Ta amsa, ta ce gyaɗar bana ba ta da mai.

Ban gaya mata na ji ba, kai ma ba ka ji daga gare ni ba. Kada kuma shaiɗan ya raya maka ka laɓe a bayan ginshiƙi don ka gwada ta, na san halinka tun kana Dogo. Wataƙila har ku dawo ba ta buƙace shi ba, ta dawo da shi yadda ta tafi da shi, ba laifi. Amma in wata rana, a tasha ko a kan gada ko a ƙarƙashin itacen zaitun, ka ji sunanka cikin muryar da ba ka taɓa jin sa a cikinta ba, kada ka zabura, kada ka yi dariya, kada ka yi kuka a gabanta. Ka juyo a hankali ka ce, "Na'am, Inna," kamar kullum haka ake yi.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya. Ya tsare ku a sama, Ya tsare ku a ƙasa, Ya tsare ku a kan ruwan nan. Ya haɗa ku da mutanen kirki, Ya sa ƙafarta ta ɗauke ta har inda ranta ke so. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka masu yi maka fiye da haka. Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa mini kan yara.

In an samu wuri a akwati, a taho mini da kwalba ɗaya ta man. Bayanin yadda ake yin sa kuwa, a wurinta zan ji.

Ni ne mahaifinka,
a Zango, Damagaram.